Gicciyen Natsuwa ko Gicciyen Azaba: Wanne Ya Dace da Bagaden Cocinku?

Duk ikilisiyar Katolika da ta kammala ginin sabon coci, a Kafanchan ne ko a Yola ko a Maraɗi, akwai tambayar da takan bari sai ƙarshe, lokacin da kuɗin gini ya kusa ƙarewa kuma hankalin kowa ya koma kan ranar keɓewa: wane irin gicciye za a kafa a bayan bagade? Ƙa'idar Mas ta cocin Roma ta wajabta a sami gicciye mai ɗauke da siffar Yesu a kan bagade ko kusa da shi, a inda dukan jama'a za su gan shi sarai, amma ba ta faɗi ko idanunsa za su kasance a buɗe ko a rufe ba, ba ta kuma ƙayyade yawan jini da raunukan da za a nuna ba. Wannan an bar shi ga fada da kwamitinsa, sai kuma amincewar bishop. 'Yan'uwa na ECWA da COCIN da sauran majami'un da ke kafa gicciye marar siffa sun huta da wannan shawara, amma ga Katolika da wasu daga cikin Angilika abu ne da za a zauna da shi shekaru hamsin ko fiye, domin jariran da za a yi wa baftisma a gaban wannan gicciye, a gabansa za a ɗaura musu aure.

Abin da ake samu yau a shagunan kayan coci da kuma hannun masassaƙa ya gangaro ne daga hanyoyi biyu da suka daɗe suna ja-in-ja a tarihin sassaƙar Kirista ta Turai. Hanya ta farko tana nuna Yesu a matsayin sarki da ya riga ya ci nasara, a miƙe, cikin natsuwa da kwarjini, domin mai kallo ya rusuna ya yi sujada. Ta biyu tana nuna shi a matsayin mutum mai jiki da jini wanda azaba ta galabaitar, domin zuciyar mai kallo ta karaya, ya ji tausayi, ya tuba. Ra'ayina shi ne babban bagade ya fi dacewa da natsuwar da ba ta ɓoye raunuka ba, tsananin azaba kuma a ba shi nasa wuri a gefe, amma wannan hukunci ba zai yi wa kwamiti amfani ba sai ya san yadda aka taso daga hanya ta farko zuwa ta biyu, da kuma irin wuraren da aka yi kowace sassaƙa dominsu.

Kiristocin ƙarnukan farko kusan ba su nuna gicciyewar ba, domin hukunci ne na bayi da 'yan tawaye da ake aiwatarwa a bainar jama'a har zuwa ƙarni na huɗu. Akwatin gawa na dutse da aka sassaƙa wa Junius Bassus, babban jami'in birnin Roma da ya rasu a 359, ya nuna Yesu a gaban Bilatus, ya kuma nuna shi zaune a kan kursiyi, amma ya tsallake gicciyen kansa. A ƙofar katako ta cocin Santa Sabina a Roma, wadda aka yi wajen 430, an ga ɗaya daga cikin tsofaffin siffofin gicciyewa da suka rage, kuma a nan Yesu tsaye yake tsakanin ɓarayi biyu, idanu a buɗe, hannaye a shimfiɗe irin na mai addu'a. Daga baya rikicin farfasa siffofi ya girgiza daular Rumawa ta gabas, har taron bishop-bishop na biyu a Nikiya ya yanke a 787 cewa girmamawar da ake yi wa siffa tana wucewa ne zuwa ga wanda siffar ke wakilta, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Cocin gabas ya tsaya a kan zanen allo, cocin yamma kuma shi ne ya rungumi mutum-mutumi.

Wanda ke son ganin hanyar farko a cikarta, ya dubi gicciyen birnin Lucca a Italiya, wanda tsawonsa ya haura mita biyu, kuma gwajin kimiyya na 2020 ya nuna cewa katakonsa na ƙarshen ƙarni na takwas ne ko na tara. Yesu yana sanye da doguwar riga mai hannu da ɗamara, jikinsa bai lanƙwashe ba, ƙafafunsa a jere, manyan idanunsa a buɗe. Irin wannan ne gicciyen Batlló na ƙarni na 12 da ke gidan tarihi a Basalona, wanda aka yi wa rigarsa ado irin na alharini mai tsada, har da kwaikwayon rubutun Larabci a bakin rigar, shaidar cewa masassaƙan yankin sun san tufafin sarauta ne ta hanyar kayan da ke fitowa daga Andalus da gabas. A wannan zamanin kuma, a yankin Auvergne na Faransa, an yi ta sassaƙa Budurwa Maryamu zaune cak a kan kujera tana fuskantar gaba, Yesu a cinyarta shi ma yana fuskantar gaba da fuskar babban mutum, babu wanda ke kallon wani a cikinsu, domin ita an ɗauke ta a matsayin kursiyin da Hikimar Allah ke zaune a kai. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san sarki a zaman fada, amawali a baki, ba ya dariya ba ya ɓata rai, kuma wannan rashin motsin shi ne kwarjininsa.

Ƙarfin wannan hanya yana da yawa. Siffar ba ta gajiyar da ido, tana zama daidai a ranar Ista da ranar jana'iza da ranar ɗaurin aure, ana gane ta daga nesa saboda layukanta a miƙe suke, kuma tana faɗin abin da ikilisiya ta yi imani da shi, cewa wanda ke kan gicciye Allah ne kuma mutuwa ba ta riƙe shi ba. Rauninta kuwa shi ne nisa: mai baƙin ciki zai iya dubanta ya ji cewa wannan Ubangiji bai san zafin da ke cinsa ba, kuma idan aka wuce gona da iri, sai ta zama tamkar tana musun cewa Yesu ya sha azaba da gaske. Fafaroma Pius na 12 ya taɓo wannan a wasiƙarsa ta 1947 kan sujada, inda ya lissafa cikin masu kaucewa hanya wanda zai sa a yi gicciye da jikin Mai Ceto bai nuna alamar azabar da ya sha ba. Saboda haka kwamitin da ke tunanin sa siffar Yesu mai tashi daga matattu, da fararen tufafi ba tare da rauni ba, a madadin gicciyen bagade, ya sani cewa wannan ba ya cika ƙa'idar.

Sauyin ya fara nuna kansa tun da wuri a birnin Kolon na Jamus. Wajen 970, a zamanin Akbishop Gero, aka sassaƙa gicciyen katako da har yau yake cikin babban cocin birnin, tsawon jikin santimita 187. A nan Yesu ya riga ya mutu: idanu a rufe, kai ya faɗo a kafaɗa, ciki ya zazzago gaba, nauyin jiki ya ja fatar ƙirji da hammata, gwiwoyi sun karkace gefe. Duk da haka babu kururuwa a wannan fuska, babu yagaggen nama, kuma girman jikin ya sa har a mace yana da kwarjini. Zan dawo ga wannan gicciye, domin a ganina shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da bagade.

Dalilin da ya sa aka ci gaba da nutsawa cikin azaba ya fito ne daga sauyin yadda ake addu'a, kafin ya kai hannun masassaƙa. Anselm na Kantabari, wanda ya rasu a 1109, ya rubuta addu'o'in da mai yin su ke kukan cewa bai kasance a gindin gicciye ba. Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya koya wa sufayensa su fara ƙaunar Kristi ta jikinsa da raunukansa. Faransis na Assisi ya shirya komin dabbobi na gaske a Greccio a Kirsimetin 1223 domin talakawa su ga talaucin da aka haifi Yesu a ciki, kuma mabiyansa sun shaida cewa a 1224 raunukan gicciye sun bayyana a jikinsa a dutsen La Verna. Taron Lateran na huɗu a 1215 ya ƙarfafa koyarwar cewa gurasa da ruwan inabi na Mas jikin Kristi ne da jininsa na haƙiƙa, a 1264 aka kafa idin Jikin Kristi, a 1239 kuma Sarki Luwis na tara na Faransa ya shigo da abin da aka yi imani rawanin ƙaya ne zuwa Faris. Masu wa'azi na ɗariƙun Faransis da Dominik sun shiga birane suna gaya wa 'yan kasuwa da masu sana'a su ɗauka a ransu cewa suna tsaye a Kalfari. Jama'ar da aka koya wa irin wannan addu'a dole ta nemi siffar da ta yi daidai da ita. A ƙarni na 13 rawanin ƙaya ya kore na sarauta, ƙusoshi huɗu suka koma uku ta hanyar ɗora ƙafa a kan ƙafa, kuma wannan ɗan canji shi kaɗai ya tilasta wa jikin duka murɗewa.

A farkon ƙarni na 14 abin ya kai maƙura a yankin kogin Rhine. A cocin Santa Mariya im Kapitol, a Kolon ɗin dai, akwai gicciye mai rassa biyu da suka tashi sama, jikin da ke kansa ƙashi da fata ne, haƙarƙari a waje, yatsu a ƙanƙame, raunukan bulala sun rufe shi daga sama har ƙasa. Mutane da yawa sukan danganta irin wannan da annobar da ta hallaka Turai tsakanin 1347 da 1351, amma wannan gicciye ya riga annobar. Ta dai zo ta tarar da shi, ta ƙara masa masu kuka a gabansa. A wannan ƙarni ne kuma aka fara sassaƙa Maryamu rungume da gawar ɗanta a cinya, abin da babu shi a cikin Linjila ko ɗaya, tunanin masu ibada ne ya haife shi. Wadda ake kira ta Röttgen, da ke gidan tarihi a Bonn, ba ta kai mita ɗaya ba: kan Yesu ya yi wa jikin girma, ya karye baya, jini na fitowa dunƙule-dunƙule daga raunuka, fuskar uwar kuma ta wadda ta kasa gane abin da ya same ta ce. Tun a lokacin ba kowa ya yarda da wannan salo ba. A 1306 bishop na Landan, Ralph Baldock, ya ba da umarnin a cire wani gicciye da wani masassaƙi Bajamushe ya yi wa wani ɗan ɗakin ibada a birnin, saboda siffarsa ta saɓa wa wadda aka sani kuma jama'a na ta tururuwa gare shi.

Italiya ta bi da abin ta wata fuska. Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu fasaha, ya ba da labarin cewa da Donatello ya nuna wa abokinsa Brunelleschi gicciyen katako da ya yi wa cocin Santa Croce a Filorans, sai Brunelleschi ya ce masa manomi ya ɗora a kan gicciye, sannan ya je ya sassaƙa nasa, wanda yake cocin Santa Mariya Novella, da jiki mai daidaito da fuska mai natsuwa. Ko labarin ya faru haka ko an ƙawata shi, gicciyen biyu suna nan, kuma gardamar da suke wakilta ita ce ke gaban kowane kwamiti. Donatello bai janye ba: a shekarunsa na baya ya sassaƙa Maryamu Magadaliya mai tuba, ramammiya, idanu sun faɗa, gashi ya zame mata sutura. A Bolonya kuma Niccolò dell'Arca ya gina mutane bakwai da gasasshen yumɓu a cocin Santa Mariya della Vita, gawar Yesu a kwance da masu makoki kewaye da ita, inda Magadaliya ta kutso a guje, baki a wangame, iska na kwashe mayafinta baya. Amma Michelangelo, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗauki wannan jigo na uwa da gawar ɗanta tsakanin 1498 da 1499, ya fitar da shi a farin dutse ba tare da jini ba, raunuka ƙanana, uwar matashiya da kai a sunkuye da hannun hagu a buɗe. Ga jigo ɗaya, a Bonn yana yanka zuciya nan take, a cocin Bitrus Mai Tsarki na Roma, inda ta Michelangelo take, yana shigarta a hankali, kuma na biyun ne aka fi iya zama a gabansa awa guda.

Bayan da masu gyaran ikilisiya, wato 'yan Furotesta, suka farfasa siffofi a Wittenberg a 1522, da Zurik jim kaɗan bayan haka, taron bishop-bishop na Katolika a Trent ya amsa a Disamban 1563: siffofi su zauna a coci domin koyarwa da motsa zuciya ga ƙaunar Allah, amma ban da abin da ke koyar da kuskure, ban da tsiraici mai tayar da sha'awa, kuma kada a kafa baƙuwar siffa sai da izinin bishop. Daga nan motsa zuciya ya zama manufa a fili. Tsakanin 1647 da 1652 Bernini ya sassaƙa Tereza ta Avila a cocin Santa Mariya della Vittoria a Roma, a sume, baki a buɗe, mala'ika na riƙe da kibiya a kanta, haske na sauka daga ɓoyayyar taga ta kan sandunan zinariya, 'yan gidan Cornaro masu ɗakin kuma an sassaƙa su a gefe biyu suna kallo. A Sifen aka koma ga katako mai fenti: Gregorio Fernández na Valladolid, wanda ya rasu a 1636, yakan sa wa gawar Yesu idanun gilashi da haƙoran hauren giwa ko ƙashi da faratan ƙaho, ya cika raunuka da ɓawon itace domin su yi kama da busasshen jini. A birnin Sabiya na Sifen aka sa wa Maryamu hawayen gilashi da tufafi na gaske. Wannan salo ya tsallaka teku, har Aleijadinho ya sassaƙa mutane fiye da sittin na labarin shan azaba a Congonhas ta Brazil a ƙarshen ƙarni na 18.

Abin da kwamiti ya kamata ya lura da shi a nan shi ne inda aka ajiye waɗannan ayyuka. Ƙaramar siffa irin ta Röttgen an yi ta ne domin wanda zai durƙusa dab da ita. Masu makokin Bolonya na wata ƙungiya ce mai kula da asibiti, kuma a ƙasa suke, daidai tsayin mai kallo. Tereza ta Bernini tana ɗakin gefe na iyali guda. Da yawa daga siffofin Sifen na ƙungiyoyin ibada ne da ke fito da su titi a Mako Mai Tsarki, a ɗauke a kafaɗa, cikin hasken kyandir da dare. Wato yawancin sassaƙar da ta fi tsananin motsa rai an yi ta ne domin wani lokaci, ko wani lungu, ko wasu mutane da suka zo nemanta da ƙafarsu. Babban bagade kuwa na kowa ne a kowane lokaci, har da yaro ɗan shekara huɗu da mai neman shiga ikilisiya da ya zo karo na farko. Hawaye ba ya zuwa kowace Lahadi, kuma siffar da ke neman hawaye kullum, ƙarshenta ido ya saba da ita ya daina gani.

Ba na cewa azaba ba ta da hurumi a bagade, kuma akwai labarin da ke hana ni faɗin haka. A 1950 aka keɓe cocin Assy a tsaunukan Faransa, wanda aka gina domin masu jinyar tarin fuka a asibitocin yankin, da gicciyen tagulla na Germaine Richier, jiki a zaizaye, fuska kusan a shafe. Masu adawa suka yi ca, bishop na Annecy ya sa aka ɗauke shi daga bagade a 1951, bai koma wurinsa ba sai bayan kusan shekaru ashirin. Wanda cuta ke cin huhunsa yana iya ganin kansa a wannan jiki fiye da yadda zai gani a na Lucca. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin akwai ikilisiyoyi a kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da suka binne 'ya'yansu bayan hare-hare, kuma uwar da ta ɗauki gawar ɗanta a cinya ba ta bukatar a fassara mata siffar Maryamu da Yesu. Irin wannan uwa tana da haƙƙin samun wurin da za ta zauna ta yi kukanta a gaban wadda ta san abin da ta sani. Amma na yi imani cewa idan ta ɗago kai wajen bagade a tsakiyar Mas, ya kamata ta ga wanda ya sha raunin kuma raunin bai wulaƙanta shi ba, domin jini ta riga ta gan shi da idonta.

Akwai kuma hanya ta uku da ita ce mafi sauƙin faɗawa, kuma ita nake roƙon a guje wa: siffofin filasta da na roba da ake zubawa a mazubi ɗaya dubu-dubu, gadon shagunan da suka kewaye cocin Saint-Sulpice a Faris a ƙarni na 19. Fuska mai santsi, kumatu ja, ɗigon jini biyu na ado, babu kwarjinin hanyar farko, babu gaskiyar ta biyu. Taron Batikan na biyu ya nemi bishop-bishop a 1963 su fifita kyau mai daraja a kan nuna tsada, su kawar da ayyukan da ba su da ingancin fasaha, kuma kada siffofi su yi yawa a coci, ya kuma buɗe ƙofa ga fasahar kowace al'umma. A Nijeriya an riga an gwada wannan tun kafin taron: tsakanin 1947 da 1954 Fada Kevin Carroll da abokan aikinsa sun tara masassaƙan Yarabawa a Oye-Ekiti, cikinsu har da George Bandele da Lamidi Fakeye, suka sassaƙa labaran Linjila da salon ƙasarsu. Abin sha'awa shi ne salon nan, da fuskokinsa masu sanyi da tsayuwarsa a miƙe, ya fi kusa da hanyar farko, abin da ke nuna cewa masassaƙin gida ba sai ya kwaikwayi Sifen ba kafin ya yi aikin da ya dace da bagade.

Ƙwarewar masassaƙi ma tana cikin lissafi. Fuskar natsuwa tana yafe ƙananan kurakurai, ta azaba kuwa ba ta yafewa, domin buɗaɗɗen baki da juyayyun idanu a hannun wanda bai gwanance ba sukan zama abin da ke tsorata yara ko ya sa matasa murmushi, kuma babu wanda ke son ɗayan biyun a coci. Haka nan nisa: a coci mai tsawon mita talatin, mai zama a bencin ƙarshe ba ya ganin hawayen gilashi ko jijiyar hannu, abin da yake gani shi ne faɗuwar kai da buɗewar hannaye da lanƙwasar jiki, kuma da waɗannan gicciyen Gero ya faɗi duk abin da ya faɗa. Sai kuma yanayinmu. Iskar hunturu tana tsaga katakon da bai bushe sosai ba, gara tana jiran wanda ya taɓa bango ko ƙasa, ƙura kuma tana dusashe fenti mai launuka da yawa cikin 'yan shekaru. Madaci ko loko da ya bushe, wanda aka rarake bayansa kamar yadda masassaƙan Turai na dā suke yi don rage tsagewa, aka kuma sassaƙa hannayen daban aka haɗa a kafaɗa, aka bar shi da launinsa da ɗan mai, zai fi jure wa arewa a kan siffa mai fenti irin ta Sabiya. Tagulla ta fi duka daɗewa, kuma maƙeran Benin sun iya ta, sai dai kuɗinta da nauyinta.

Shawarata ga ikilisiya mai kuɗin siffa ɗaya tak ita ce ta nemi gicciye irin na Gero ko na Brunelleschi: raunuka biyar a bayyane, nauyin jiki na gaske, fuska a natse. Mai halin yin biyu ta ƙara Maryamu da gawar ɗanta a ɗakin gefe ko kusa da ƙofa, a ƙasa-ƙasa, da benci a gabanta, ta bar tashoshi goma sha huɗu na Hanyar Gicciye su ɗauki bulala da faɗuwa da kuka, tunda lokacin azumi ne ake bin su. Ɗakin ibada na asibiti ko na gidan sufaye, inda mutane kaɗan ne kuma sun zo da niyyar tunani a kan shan azaba, zai iya ɗaukar gicciye mai tsanani fiye da na cocin unguwa.

Kowace hanya aka zaɓa, a rubuta ta a yarjejeniya. Lokacin da Mateo Vázquez de Leca ya ba Juan Martínez Montañés aikin gicciye a Sabiya a 1603, an rubuta cewa Yesu ya kasance da rai, kai a karkace dama, yana duban wanda ya durƙusa a ƙafafunsa tamkar yana yi masa magana, kuma aikin da ya fito, wanda ke babban cocin birnin, ya haɗa tausayi da kwarjini da jini kaɗan. Kwamiti ya yi koyi da wannan: ya rubuta tsawon jiki, da inda kai zai karkata, da ko idanu a buɗe ko a rufe, da irin katako da tsawon lokacin da ya yi yana bushewa. Ya nemi masassaƙi ya fara kawo ƙaramin samfuri na yumɓu da zanen takarda mai cikakken girma, a manna zanen a bangon bagade, a dube shi daga bencin farko da na ƙarshe a hasken Mas na safe da na yamma, a kira iyaye mata da katikis da matasa su faɗi abin da suka gani, sannan a kai wa bishop hotonsa kafin a sa gizago a jikin katako.